Layin da Na Gyara wa Bahago

Bashir ɗan ƙanwata ne ya ja mini wannan dogon zance. Ranar sunan da aka yi a gidansu a Landover, muna zaune a falo ana cin shinkafa, wani abokinsa da suke karatu tare a College Park ya tambaye shi aikin da nake yi. Ya amsa da Turanci, yadda yaran nan suka saba, wai Kawu Isa ciyawa yake yanka a filin wasa. Ya ɗauka ban ji ba. Na ji sarai. Don akwai baƙi na bar ta ta wuce, amma na kasa gama naman da ke gabana. To Bashir, da kai da ire-irenka, ku gyara zama. Ciyawa ina yanka ta, ban musa ba. Bari dai in gaya muku sauran.

Sai na fara da wasan kansa, don na san akwai waɗanda za su ji labarin nan a gida, ba su taɓa ganin besbol ba. Ni ma da na baro Maraɗi balo kaɗai na sani, wato ƙwallon ƙafa. Mutum ɗaya ne ke jefo ƙwallo, girman lemo amma tauri kamar dutse, wani ya maka ta da sanda. In ya buga sai ya ruga. Inda ya tsaya ya buga shi ake kira gida. In kana gida kana fuskantar fili, tasha ta farko tana damanka, ta biyu tana can gaba a tsakiya, ta uku tana hagu. Abokan hamayya sun bazu suna tsaro. In sun cafe ƙwallon a sama, ko sun tsince ta a ƙasa sun jefa ta riga mai gudu isa tasha, ya fita. Wanda ya kewaye tashoshin ya dawo gida, an ci ɗaya. Hanyar tashoshin nan jar ƙasa ce, bayanta kuma ciyawa har katanga. Mutum huɗu ke tsaron jar ƙasar, biyu a dama, biyu a hagu, kuma tun kakanninsu haka ake tsayawa. Ku riƙe wannan, don a kansa labarin yake.

Da na zo ƙasar nan tasi na fara ja a cikin Washington, daga ofisoshin jakadanci zuwa filin jirgi, daga filin jirgi zuwa otal, har bayana ya fara kuka. Wani dattijo ɗan Kumasi da muke sallar Juma'a tare, Alhaji Yusif, shi ya ce mini akwai wata ƙaramar ƙungiyar besbol a nan Maryland tana neman lebura. Irin ƙungiyoyin nan ne da ake renon 'yan wasa a cikinsu, wanda ya yi fice a ɗauke shi zuwa babbar gasa, wanda bai yi ba a sallame shi. Na ce, “Alhaji, ni da na tashi da hauya a hannu, ciyawar Bature ce za ta gagare ni?” Ya yi dariya ya ce, “Je ka dai, Isa.” Kun ga ni ma maganar Bashir na yi, shi ya sa fushin da na yi da shi bai yi nisa ba.

Aikin farko da aka ba ni shi ne ba jar ƙasa ruwa. Maigidanmu sunansa Kalbin, tsoho ne baƙar fata ɗan ƙasar nan, ubansa taba yake nomawa a kudancin jihar. Ya miƙo mini tiyo mai kaurin damtse, ya koma gefe ya naɗe hannu. Na buɗe ruwa na sakar mata kamar mai ban ruwan albasa a fadama. Bai hana ni ba. Da na gama ya ciro makullin motarsa ya soka a ƙasa, ya zare, ya nuna mini. Laka ta manne masa har wuya. Ya ja ni wani gefe da ya jiƙa da kansa tun da safe, ya sake sokawa. Makulli ya shiga ba gardama, ya fito tas. Ya ce, “Haka ƙusoshin takalmin ɗan wasa za su shiga su fita. In ta yi laka ya zame, in ta bushe ƙwallo ta yi tsalle ta fasa masa baki. Tsakanin biyun nan za ka zauna har ka tsufa.” Daga nan ya karɓe tiyonsa ya ba ni manjagara. Sai da kakar wasa guda ta wuce kafin ya sake bari na taɓa ruwa.

Kayan aikinmu ba wasu na a zo a gani ba ne. Manjagara, shebur, baro, madaɓi irin na matan garinmu sai dai namu na ƙarfe ne, da wata tabarmar ƙarfe da ake ja a bayan ƙaramar mota don baje ƙasa, da igiya da keken zuba farar ƙasa don jan layi. Injin yankan ciyawa, wanda kai Bashir ka ɗauka shi ne aikin, a wurinmu hutu ne, zaune ake yi. Wahalar tana inda jar ƙasa ta haɗu da ciyawa. Iska da takalma suna tura ƙasa cikin bakin ciyawar, a hankali ta taru ta yi ɗan tudu, mu leɓe muke ce masa. Ƙwallon da ta taho a guje ta hau leɓen nan, Allah kaɗai ya san inda za ta nufa. Don haka kullum da safe sai ka bi shi da tsintsiya mai tauri, kana duƙe, daga wannan gefe har wancan. Ba wanda ya taɓa tafa mini don na share leɓe, ba kuma wanda ya san ana yi.

Ga kuma tamfol ɗin da ake rufe jar ƙasa da shi. Hadarin nan garin ba ya sallama, kana kallon rana sai ka ji ɗigo a wuya. Sai mu ruga mu tura ƙaton naɗin nan, mu kama baki mu ja, ruwa na dukanmu. Sau ɗaya iska ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga ni sama da ni da igiyar, ta yar. 'Yan kallo suka yi ta shewa, sun ɗauka cikin wasan ne. Na yi kwanaki ina sallah a zaune.

Abin da na fi so a koyon da na yi shi ne karatun sawu. Washegarin wasa, kafin a ja tabarma, Kalbin yakan zaga da ni. Masu tsaron nan huɗu kowa da gurbinsa, inda yake tsayawa yana tonon ƙasa da ƙafa kafin a jefo ƙwallo. Gurbi huɗu, kullum a wuri ɗaya, kamar makwancin awaki. Yakan duba ya ce, “Wane jiya ƙafarsa ta hagu na ciwo, dubi yadda ya jingina.” In ka bincika ka tarar haka ne. Sai mu cike gurbin, mu daɓe, mu yayyafa ruwa. Na fi shekara goma ina cike su, har ta kai ko an ɗaure mini ido zan kai baro inda suke.

Abokan hulɗarmu 'yan wasa ne, kuma yawancinsu ba su san sunanka ba sai ranar da ƙwallo ta yi musu tsalle. Migel daban ne. Mutumin wani tsibiri ne can kudu inda ake Sifaniyanci, ƙato, da hagu yake bugu, shi ya sa na sa masa Bahago. Ya karɓi sunan har yana kiran kansa da shi. Shi ke riga kowa zuwa fili. Ya zauna a kan baron da na kife yana shan kofi, Turancinsa a karye, nawa a karye, muna fahimtar juna sarai. Ya haura talatin, a wannan wasa kuwa tsufa ke nan. Yana da mata da 'ya ƙarama da ke bin sa gari gari. A shekarar da nake ba ku labari, da bakinsa ya gaya mini abin da masu ƙungiya suka ce masa: bana ce ta ƙarshe, ko a ɗauke shi zuwa babbar gasa ko a sallame shi. Ban da sandar nan bai iya komai ba, lakwal ma, wato makarantar boko, bai gama ba.

Bugunsa kuwa, tabɗi! In ya sami ƙwallo, ko kana bayan katanga kana wankin shebur za ka san shi ne. Aibinsa ɗaya, kusan duk abin da ya buga dama yake nufa, tsakanin tasha ta farko da ta biyu. Shekara da shekaru wannan bai dame shi ba, don mutum biyu ne a wajen. Ƙwallon ta ratsa tsakaninsu ta wuce, shi ko ya isa tasha yana tafiyar ƙasaita.

Wata safiya a farkon kakar na tura baro zuwa guraben hagu, na tarar da ɗayansu, ko rabin tonon da aka saba babu a cikinsa. Wasan jiya ban kalla ba, ina bayan fili ina fama da injin da ya ƙi tashi. Na ce ikon Allah, mutumin nan barci ya yi a tsaye? Ina waiwayawa sai na hango tabo a cikin ciyawa, can dama, bayan jar ƙasa, inda ba mahalukin da ke tsayawa. An tattake wurin, ciyawa ta kwanta. Na kira Kalbin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “To, ta iso mu.” Sunan abin shif, kuma a babbar gasa an jima ana yi. In mai bugu irin Bahago ya fito, sai a kwaso mai tsaro daga hagu a ƙara a dama su zama uku, ɗaya ma ya ja baya ya shiga ciyawa, a bar mutum ɗaya tal a hagu yana gadin wuri kamar gona guda.

Ba tsafi ba ne, lissafi ne. Mu ma ƙungiyarmu ta ɗauko wata yarinya mai kwamfuta, Jenifa, tana zama a bayan ragar da ke kare 'yan kallo. Na je na same ta da niyyar faɗa. Ta nuna mini hoton fili da ɗige-ɗige, kowane ɗigo inda ƙwallon Bahago ta taɓa sauka. Dama baƙi ƙirin, hagu fari fat. Ta ce, “Isa, in kai ne, ina za ka tsaya?” Ni ma da nake yaro a gonar gero, inda tsuntsaye ke sauka nan nake tsayawa da gwangwanina. Yarinyar gaskiya ta faɗa. Daga nan namu suka riƙa yi wa baƙi, baƙi suna yi wa namu, kuma duk a kan tabon nan ɗaya ake tsayawa.

Shekarar kuwa ita ce mafi muni da na gani a aikin nan. Ruwa ya ƙi ɗaukewa, ga zafi ga gumi, ciyawa ta kama ciwo tana ruɓewa daga saiwa. A ja tamfol, a naɗe tamfol, wani lokaci tun ba mu miƙe baya ba a sake ja. Tabon dama shi ya fi shan wuya, don ciyawar wajen ba a shuka ta don a tsaya a kanta ana tono ba. Ya zama rami-rami, rabi laka rabi saiwa. Abin mamaki, ɓarnar nan ita ta riƙe Bahago. Ya maka ƙwallo, ta faɗa tabon, ta yi tsallen da ba wanda ya zata, mai tsaro ya kama iska. Ba kullum ba, amma dai yana samun na rufin asiri.

Sai ranar da abin ya faɗa kan namu. Wani baƙo, shi ma da hagu yake bugu, ya saki wata mai zafi. Ɗan wasanmu da ke tsaye a tabon ya duƙa zai tara, ta taɓa ƙasa ta tashi ta same shi a baki. Ni na tsinci haƙoransa a cikin ciyawa, na kai wa likitan ƙungiya a kofi. Ba wanda ya zage mu, an san ruwa ne, amma Kalbin bai ci abinci ba ranar. Da ƙungiya ta tafi wasan waje muka yanke wurin gaba ɗaya. Muka haƙe laka, muka zuba yashi, muka shimfiɗa sabuwar ciyawa, muka bi ta da rola. Leɓen da ke gabansa na share shi har fatar gwiwoyina ta sale. Ban taɓa aikin da ya kai shi kyau ba. Ƙwallo in ta bi ta wajen, sai ka ce a kan tebur take tafiya.

Kyan aikin nan shi ya kashe Bahago. Ya buga, ta tafi sumul, ta shiga hannun baƙon da ke tsaye a kan sabuwar ciyawata, a jefa tasha ta farko, ya fita tun bai yi rabin hanya ba. Yau haka, gobe haka. Bugun da ya ci abinci da shi tun yana saurayi ya koma kamar miƙa wa mutum kayansa. Ya daina raha, kofin ma sai ya huce a hannunsa.

Wata safiya ina duƙe a leɓen, sai na ga inuwarsa a kaina.

“Isa, ka kashe ni,” ya ce. Yana murmushi, amma ba wasa yake ba.

Na ce, “Subhanallahi, Bahago, da me?”

“Da tsintsiyar nan. Ka bar wurin nan mako biyu kawai. Kada ka ɓata komai, ka dai manta da shi.”

Wallahi na ji tausayinsa har cikin raina. Abu ne mai sauƙi, ba wanda zai kama ni, ruwa za a ɗora wa laifi. Na ce, “Ka ga kofin da na kai wa likita ran nan?”

Ya ce ya gani.

Na ce, “Wanda zai tsaya nan gobe, namu ne ko baƙo, shi ma ɗan wani ne. Ba zan iya ba.”

Ya gyaɗa kai ya juya zai tafi. Na ce ya dakata, mu je wurin maigida.

Kalbin ya saurare mu har muka gama. Ya ɗauki ƙwallo ya nufi layin hagu, farin layin nan da ya tashi daga gida zuwa tasha ta uku. Dokar ita ce, ƙwallon da ta gangara ta fita wajen layin kafin ta kai tasha, bugun bai ƙirgu ba. In ta tsaya ciki, ko da a kan farar ƙasar ce, ya ƙirgu. Ya ce masu gyaran fili na da suna da wata al'ada. Akwai bugun da ake kira tara sanda, wato maimakon ka maka ƙwallo sai ka sa mata sanda a hankali ta gangara kusa, kai ko ka ruga. In ƙungiya na da masu yin haka, sai masu fili su ɗan ɗaga bayan layin, kaurin ɗan yatsa, su bar ciyawar gefen ta ɗan yi tsawo. Ƙwallo in ta zo fita, ƙasa ta lallashe ta ta dawo.

“Kowa ya san ana yi,” in ji Kalbin. “Baƙo ma in ya tara, layin zai yi masa aiki, kuma ba ya fasa bakin kowa.” Ya nuna hagu da haɓa. “Sun bar maka wuri kamar filin jirgi, Migel. Tara ka ruga.”

Bahago ya ce, “Maigida, ni? Dube ni fa. Ba a kai mutum babbar gasa don ya iya tara sanda. Don nisa ake biyana.”

Shi ma gaskiyarsa. Na tambayi Jenifa, ta ce masu ƙungiya ba tara suke so ba, so suke ya ɗaga ƙwallon ta bi ta kan mutanen ta faɗa bayan katanga, inda ba mai tsayawa. Abin da kowa ya koma yi ke nan, kuma a nan ne na ga wasan ya sauya a gaban idona. Kowa na neman sama. Ko ta haura katanga, ko sanda ta sari iska a koma a zauna. Ƙwallon da ke bin ƙasa ta ragu, gudu ya ragu, zamiya da ƙura da dattin wando duk suka ragu. Sai in shimfiɗa jar ƙasa kamar gadon amarya, a tashi wasa in tarar da hagu da ƙyar aka taka. 'Yan kallo suna ta danne-dannen waya. Ni ban ce wasan ya lalace ba, masu shi sun fi ni sani. Na dai san na da ya fi cin ƙasa, kuma shi na fi so.

Duk da haka na gyara layin, Kalbin ya ce in ina so in yi. Kullum in na gama da leɓe sai in dawo in durƙusa, in zuba laka kaɗan kaɗan a bayan layin, in daɓe, in yayyafa ruwa, in gangaro ƙwallo da hannu in ga yadda za ta yi. In ta dawo da sauri, ya yi yawa, alƙalin wasa zai gani, sai in kankare. In ta fita, in ƙara. Ruwa ya zo ya wanke, in sake daga farko. Bahago yana kan baro yana kallona, bai ce in ci gaba ba, bai ce in bari ba. Shi kuma ya koma neman sama kamar kowa. Hannun da ya saba da hanya ɗaya tun yarinta ba ya sauyawa a 'yan watanni. Jefi-jefi ɗaya ta haura katanga, sauran duk iska. Ko sau ɗaya bai tara ba, ni kuma haushi kamar in buga masa madaɓin.

Wasan ƙarshe na kakar ranar Lahadi aka yi, da rana tsaka, gari ya washe bayan duk ruwan nan. Ba wani abin da za a ci da wasan, an riga an bar mu a baya, amma ni na san abin da ke kan mutum ɗaya. Matarsa da 'yarsa suna zaune kusa da inda muke ajiye tamfol. Fitowarsa ta farko ya maka wata da ta yi ƙara kamar bindiga, ta tafi sumul hannun mutumin da ke kan ciyawata. Na sunkuyar da kai. Ya sake fitowa ya sari iska, ya kuma sari iska.

Da ya fito na ƙarshe, masu tsaro suka kwashe suka koma dama kamar kullum, ko kallon hagu ba su yi. Mai jifa ya sako ƙwallo. Sai na ga ƙaton nan ya rage tsawo, ya kwantar da sanda a gabansa kamar mai miƙa wa baƙo buta. Ƙwas! Ƙwallon ta gangara ta bi layina, shi kuma ya kwasa da gudu, ƙasa na girgiza. Mai jifa ya rugo, ya ga ta nufi waje, sai ya janye hannu ya tsaya a kanta yana jira ta fita. Ta hau farar ƙasa, ta leƙa waje, ta yi jinkiri. Ban san na miƙe ba, sai ji na yi ina ihu da Hausa, “Dawo! Dawo, don Allah!” Ta yi lilo, ta dawo, ta zauna daram a kan layi. Alƙali ya nuna ciki. Bahago na tsaye a tasha ta farko yana haki, fili ya ɗauki shewa da dariya, 'yarsa na tsalle a kan kujera. Kalbin ko dubana bai yi ba, ya ce, “Kauri ya yi daidai.”

Na koma gida ina cewa ko wannan zai sa masu ƙungiya su sake tunani, su ga mutumin zai iya sauyawa. Washegari ina zuba irin ciyawa a tabon dama, don sabuwar ma sun tattake ta, sai ga shi da jaka a kafaɗa, cikin kayan gida.

Na ce, “Bahago, yaya? Sun kira ka?”

“Sun kira ni, tun jiya da safe kafin wasa. Sun sallame ni, Isa.”

Na ajiye bokitin. “Kana nufin da ka tara, ka riga ka sani?”

“Na sani.”

“To don me? Wata da watanni ina jira ka ƙi, sai da ba ta da amfani?”

Ya dubi layin can hagu, ya ce, “Kullum ina ganinka a durƙushe a wurin nan. Na ce ba zan tafi in bar aikin mutum ba a taɓa shi ba.”

Hawaye suka zo mini, ban kuma ɓoye ba. Ya sa hannu a bokitin ya ɗebi iri, ya watsa a tabon da aka tsaya masa duk shekara, watsin wanda bai taɓa noma ba, rabi a kan takalmina. Muka yi musabaha ya tafi. Na ji an ce yana koya wa yara bugu a garinsu, ban dai sake ganinsa ba.

Kalbin ya yi ritaya, yanzu makullin motata nake sokawa a ƙasa. Guraben sun zama biyar, wani lokaci ma sun fi, kuma sai na tambayi masu kwamfuta kafin in san inda baro zai nufa. Tara sanda kuwa ta kusa ɓacewa, sai a daɗe ba a ga wanda ya yi ba. Sababbin ma'aikata suna tambayata don me nake ɓata safiya a layin da ba mai bi. Ba na ba su wannan dogon labarin, kai na ba, Bashir, don kai ka ja. In kana so ka ga yankan ciyawar Kawunka, ka zo ran Asabar da sassafe. Ka sa tsohon wando, don durƙuso za ka yi. Da layin hagu za mu fara.